Dunƙulen Ƙasar Rokesli

Da sunan Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa bai yi shawara da sarki ba, ya ɗaga sama bai kafa mata ginshiƙi ba, ya rarraba harsunan mutane har baƙo ya roƙi ruwa a miƙo masa wuta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da abinku.

Ni ne Tunau ɗan Bagudu, wanzami ɗan wanzami. Ba yunwa ce ta fitar da ni daga garinmu ba, ba kuma laifi na yi ba. Tambaya ce ta hana ni zama. Tun ina riƙe wa ubana zabira nake son in san ko kan sarki da kan talaka gini ɗaya ne. To a garinmu kan sarki yana da wanzaminsa, kuma ba gidanmu ba ne. Sai na rataya zabira na bi ayari.

Na ƙetare rairayi, na yi aski a birnin da ake gina ɗakuna da gishiri, inda in aka yi baƙo marar kunya sai ya lashi bangon mai masaukinsa. Na faɗa hannun wani shugaban 'yan fashin teku da ke jefa duk wanzamin da ya ga sanƙonsa cikin ruwa. Na rantse masa cewa mu a gidanmu da ido ɗaure muke aski, na kuwa yi, ko ƙwarzane bai samu ba. Ina cikin jirginsa wani kifi mai girman kasuwar ƙauye ya zo yana susar bayansa a jikin katako, jirgi ya dare biyu. Na rungumi wata ganga, igiyar ruwa ta yi ta wasa da ni har ta gaji, ta tofar da ni a bakin wani tsibiri da mutanensa ke kira Ingila.

Kai, wannan tsibiri! Rana takan leƙo ne kamar mai jin kunyar surukai, ta koma. In sanyi ya kai maƙura ruwan kogi sai ya zama dutse, jaki ya bi ta kansa da kaya. Wani farin abu yana zubowa daga sama kamar auduga, ka damƙa ya zama ruwa.

Wanda ya tsince ni a bakin teku wani barde ne, sunansa Hamo. Barde a can shi ne mayaƙi mai doki da sulke, wanda sarki ya taɓa dafa wa takobi a kafaɗa. Hamo dogo ne, mai furfura, magana ba ta dame shi ba. Ya ɗora ni a bayan dokinsa ya kai ni gida, matarsa Idoniya ta ba ni romo da bargo. Na zauna ina yi wa gidan aski da ƙaho, ina tsintar harshensu a madafa.

A can na koyi yadda suke riƙe ƙasa. Duk faɗin tsibirin na sarki ne, daga gona har kududdufi. Bardaye riƙo kawai suke yi, kowane gandu da hidimar da ke kansa. Wani hidimarsa ya kai wa sarki farin shaho kowace shekara, wani ya busa ƙaho in sarki ya shigo daji. Hidimar gidan Hamo kuwa, tun kakanni, ita ce duk ran da sarki ya hau jirgin ruwa, mai riƙon gandun ya tallafe masa kai in amai ya taso.

Da can gandu uku Hamo yake riƙe da su. Na farko sarki ya karɓe shi da ziyara. Ya sauka baƙunta da jama'arsa, suka cinye shanu, suka cinye tumaki, suka cinye har irin shuka, da zai tafi ya ce gandu ya lalace a hannun Hamo, ya ba wani. Na biyu gadon Idoniya ne. Shahon sarki ya sauka a kan wani itace a ciki ya ƙi tashi, sarki ya ce tsuntsu ya zaɓa, aka mai da wurin dajin farauta. Duk biyun Hamo ya durƙusa ya yi godiya, don haka ake yi.

Saura ɗaya, Rokesli. Gandu ne mai kogi da dutsen niƙa da ruwa ke juyawa, da ƙauye, da coci. A ƙarƙashin daɓen cocin ake binne duk wanda ya mutu yana riƙe da Rokesli, a sassaƙa siffarsa a dutse a kwantar a kansa. Wanda bai mutu da riƙo ba, ko ɗan wane ne, waje ake kai shi cikin ciyawa. Kusa da uban Hamo akwai gurbi guda da ba kowa. Allah bai bar wa Hamo da Idoniya ɗa ba, saboda haka daga Rokesli sai wannan gurbi, ba shi da wani abin dubawa a duniya. Yakan shiga ya tsaya a kansa kamar mai duba gonar da ya share.

Wata rana muna ƙetare kogi a kan ƙanƙara, dutsen ruwan ya fashe, Hamo ya zurma da sulkensa. Mutum cikin ƙarfe kuwa ba ya iyo. Na warware rawanina na jefa masa, na ɗaura ɗaya bakin a sirdi, na tsula wa doki bulala. Da ya fito yana karkarwa, sai ya zare takobi ya sumbaci ƙotarsa a gaban mutane.

Ya ce, “Tunau, abu na farko da ka roƙe ni, naka ne. Na rantse da kabarin ubana.”

Na ce, “Maigida, Allah ya bar zumunci,” na matse rawanina. Ina da ci, ina da wurin kwana, ban ga abin roƙo ba. Har na manta da zancen.

Ana nan sai manzo ya zo, sarki zai ƙetare teku yaƙi, mai riƙon Rokesli ya zo ya kama aikinsa. Hamo ya ce in bi shi. Lokacin sanyi ya tsattsaga mini hannuwa, ruwa in ya taɓa sai jini, don haka taimama nake yi. Na tuna jirgi katako ne sama da ƙasa, ba inda zan buga hannu. Na ce bari in tafi da 'yar ƙasa mai tsarki a zabira.

Ga inda gizo ya yi saƙarsa. Mu kalma ɗaya gare mu. Wadda ake takawa ƙasa, wadda ake mulka ƙasa, ba wanda ya taɓa ruɗewa. Su kuwa kalma biyu suke da ita, ni kuma ɗaya na tsinta a madafa, wadda nake ji in an nuna gonaki an ce na Hamo ne. Na ɗauka ita ke nan.

Ranar tafiya duk ƙauye ya taru a ƙofar gida, har da limamin cocinsu. Hamo ya sa ƙafa a likkafa ke nan na ce, da harshensu, da murya sosai don kowa ya ji na iya, “Maigida, roƙo gare ni. Ka ba ni ƙasarka.”

Hamo ya sauke ƙafarsa.

Ya ce, “Me ka ce?”

Na ce, “Ƙasarka nake so. Ta nan wurin, ita ta fi tsabta.”

Idoniya ta kama hannun rigarsa ta ce, “Hamo, kada ka yi.”

Ya ce, “Na rantse, kuma an ba ki labari.”

Na yi mamakin rowar mutanen nan, a ce ɗan dunƙule sai an yi shawara da uwargida. Hamo ya durƙusa, ya zare wuƙa, ya yanko dunƙulen ƙasa da ciyawarsa, ya karyo ɗan reshe ya soka a kai, ya miƙo mini da hannu biyu. Na karɓa, na cire reshen na yar don ba ni da aiki da shi, na jefa dunƙulen a zabira na ce na gode. Wata tsohuwa ta tofar da yawu a gabana. Idoniya ta juya ta shige gida ba ta yi mana sallama ba.

Kwanaki muka yi a hanya ina taimama da dunƙulen, har muka kai tashar jirage Hamo bai ce mini uffan ba. Na ɗauka zullumin yaƙi ne.

Jirgi ya tashi da hantsi, kafin azahar teku ta murtuke. Aka ji muryar sarki daga rumfarsa, “Ina mai riƙon Rokesli?”

Hamo ya kama ni a kafaɗa ya tura ni ciki. Sarki yana kwance a kan buzu, gajere, mai jan gemu, fuskarsa ta koma kalar ɗanyar kuka.

Hamo ya ce, “Ranka ya daɗe, ga shi.”

Sarki ya ce, “Wasa kake da ni a irin wannan hali?”

Hamo ya ce, “Ya roƙa, ni kuma rantsuwa na kaina. Na yanka ƙasa da reshe na sa a hannunsa a gaban liman da jama'a.”

A nan ne wani bafade ya fayyace mini. A tsibirin nan ba a bayar da gandu da baki. Sai mai shi ya yanko dunƙule daga cikinsa ya sa a hannun mutum a gaban shaidu, daga wannan lokaci gona da kogi da ƙauye sun tashi daga wancan sun koma wannan. Ashe Rokesli ce nake ta buga wa tafi sau biyar a yini.

Na ce, “Inna lillahi! Ranka ya daɗe, ni ta sallah na roƙa, wadda ake takawa!” Na zazzage zabira na fito da dunƙulen, duk ya sha hannu ya yi sumul. Na yi bayani da baki da hannu har suka gane.

Hamo ya dube ni ya daɗe. Ya ce, “Ta takawa kake so?”

Na ce, “Ita fa, maigida.”

Ya ce, “Da ka sunkuya ka ɗiba, wa zai tambaye ka?”

Sarki ya fashe da dariya, dariyar ta taso masa da abin da ya ci. Na yi wuf na tallafi goshinsa da hannu ɗaya, ƙeya da ɗaya, yadda wanzami ke riƙe kai. Haka na samu amsar da na bar gida dominta. Kai ne irin na kowa, da zufa, da ƙwarƙwata a bayan kunne, sai dai ya fi nauyi, don mai shi ya saba a ɗauke masa.

Da teku ta lafa sarki ya tashi zaune, ya kurkure baki, sarauta ta dawo masa. Na miƙa wa Hamo dunƙulensa, sarki ya ɗaga hannu.

Ya ce, “Tsaya. Ƙasa tawa ce. Hamo ya yi kyauta da abin da ba nasa ba, bai tambaye ni ba. Kyautar ta zauna, don baƙon nan ya fi shi sanin kai. Amma ku ji. Ran da na ji Rokesli ta koma hannun Hamo ko matarsa, zan aiko a karɓe. Ran da na ji baƙon ya bar tsibirina, nan ma zan aiko.”

Hamo ya durƙusa ya yi godiya.

Yaƙin bai yi tsawo ba, ba kuma shi na zo ba ku labari ba. Muka dawo Rokesli, ni mai gandu, maigidana baƙona. Na ce ya ci gaba da zama a kujerarsa, ya zauna. Amma in manoma suka kawo ƙara gabana suke tsayawa, in sarki ya aiko ni ake nema. Hamo kuwa ko itacen wuta zai sa a saro sai ya aiko a tambaye ni. Na ce ya daina, don Allah. Ya ce shi bai taɓa saran itace a gandun wani ba izini ba, ba kuma zai fara da tsufa ba. Idoniya ta daɗe ba ta kiran sunana, sai dai “mai gandu”, da wata murya da ta fi ƙanƙarar kogin sanyi. Daga baya ta sauko, har takan ajiye mini man shafawa don hannuwana.

Shekaru suka yi ta wucewa. Na tallafi kan sarki har na san kwanan kowace jijiya. A tasha nakan ga jiragen da suka zo daga kudu, masu ƙanshin citta da kanumfari, matuƙansu su ce akwai wuri in ina so. Ina so mana. Kewar gida ta ci ni ƙwarai, na yi kewar rana mai zafi da hayaniyar kasuwarmu. Amma in na sa ƙafa a jirgi, tsofaffi biyu za su kwana a waje, sai in juya in koma Rokesli.

Wata shekara, lokacin shuka, ciwo ya kwantar da Hamo. Na yi ƙaho, na yi jiƙo, na ga abin ba na tashi ba ne. Ya sa aka kira liman ya tambaye shi zancen gurbin nan na cikin coci.

Liman ya sunkuyar da kai ya ce, “Ka fi ni sanin al'ada. Wurin mai riƙo ne. Zan zaɓa maka wuri mai kyau a waje, kusa da bango.”

Hamo ya ce, “To.” Ya juya fuskarsa ga bango. Ban taɓa ganin ya yi kuka ba, ranar ma bai yi ba, amma daga nan ya daina karɓar romo.

Na zauna na yi tunani irin na wanda ya taɓa kuɓuta daga 'yan fashi. Washegari da safe na yanko dunƙule a bayan gida, na soka reshe, na ɓoye a riga. Na shiga ɗakinsa, daga shi sai Idoniya, na rufe ƙofa na sa sakata. Dabarata ita ce in sa masa a hannu ya mutu da sanyin zuciya, tun da ba shaidu kuwa ba abin da zai kai kunnen sarki.

Na ce, “Maigida, karɓi abinka.”

Ya buɗe ido ya dubi dunƙulen, ya dubi ƙofa.

Ya ce, “Ina liman? Ina jama'a?”

Na ce, “Suna gona.”

Ya yi ɗan murmushi. “Tunau, ni za ka yi wa wayo da al'adar gidanmu? Ba shaidu, wannan turɓaya ce kawai. Kai da kanka ka san bambancin yanzu.” Ya ture hannuna a hankali. Sa'an nan ya dubi matarsa ya ce, “Bar shi haka. In aka buɗe ƙofar nan, ke za a kora. Ciyawa ma wurin kwanciya ce.”

Idoniya ta gyara masa bargo, ta tashi, ta zare sakata ta fita. Jim kaɗan sai muka ji ƙararrawar coci, ana kaɗa ta ba tsari, kaɗawar wanda bai saba ba. Manoma suka yar da garma suka sheƙo, mai niƙa ya zo da gari a gemu, liman yana haki. Ta shigo gabansu, tafin hannunta ya yi ja saboda igiya.

Ta ce, “Ku ɗauko shi da gadon ku fito da shi ƙofar gida.”

Hamo ya ce, “Idoniya, na hana.”

Ta ce, “Ba ka da ikon hanawa, kai baƙo ne a gidan nan. Mai gandu, ka yarda a fito da shi?”

Na ce, “Uwargida, kin san abin da zai biyo baya.”

Ta ce, “Tambayarka na yi.”

Na ce na yarda. Aka fito da shi. Ta miƙo mini wuƙarsa, na durƙusa na yanko sabon dunƙule a gaban kowa, na soka reshe, na sa a hannunsa da hannu biyu. Wannan karon da kalmar da ta dace na yi magana, kuma na san abin da nake faɗi. Ya riƙe, yatsunsa suka nutse a ciki.

Ya ce, “Liman, wa ke riƙe da Rokesli?”

Liman ya ce, “Hamo ne.”

Hamo ya gyara kwanciya. Can ya kira mai niƙa ya ce masa madatsar ruwa ta yamma tana yoyo tun bara, a gyara ta kafin ruwa ya ƙaru, kada ya sake ganinta haka. Mai niƙa ya ce an gama, ranka ya daɗe. Wannan ne umarnin da ya bayar, kafin la'asar ya cika. Aka ɗaga daɓen coci aka kwantar da shi kusa da ubansa.

Labari ba ya daɗewa bai kai fada ba. Tun masassaƙi bai gama fitar da fuskar dutsen ba mutanen sarki suka iso, suka karɓi makullai, suka ba Idoniya izinin ɗaukar abin da hannu zai iya ɗauka. Ni kuma suka ce ba ni da sauran hidima, in tafi inda na ga dama. Ba ta roƙe su komai ba. Ta ƙulle tufafinta a bargo, na ɗora a kaina, muka bi hanya a ƙasa zuwa wani gida da mata masu ibada ke zama, inda aka ce za a ba ta tabarma a ɗakin baƙi in za ta yi musu wanki.

Da muka kai ƙofar na sauke mata ƙunshin. Tausayinta ya kama ni, bakina kuma bai iya shiru ba.

Na ce, “Uwargida, da kin bari, da yanzu kina ɗakinki. Ni da zan zauna har ƙarshen ranki, wallahi.”

Ta ce, “Na sani, Tunau. Ni duk inda na kwanta, gari na wayewa zan tashi. Shi kwanciyarsa ɗaya ce.”

Ta ɗauki ƙunshinta ta shiga, aka mayar da ƙofa. Ni kuma na gangara tasha na sami jirgin kudu.

Iyakar abin da na gani ke nan a tsibirin Ingila. Ga kunnuwanku na mayar, Allah ya sa mu cika da kyau.